Wakena ya nuna a cikin kwando

Tun da kuɗin gas ya tashi nake jin tsoron ɗora wake, don shi kam sai ya sha wuta kafin ya yi laushi. Maƙwabciyata a nan Tudun Wada ce ta ce min ai zafin da ke cikin tukunya ma yana ƙarasa girki in dai ba a bar shi ya fita ba. Na ce Hajiya anya kuwa? Ta ce ke dai gwada.

Na samo babban kwando a kasuwar Sabon Gari na shimfiɗa tsohon bargo a ciki. Na jiƙa wake tun dare, da safe na tafasa shi minti 15, na sauke tukunyar da marfinta na cusa a kwandon na danne da filo biyu, na tafi aiki Samaru. Bayan awa 4 na dawo, wallahi da na ɗaga marfin tururi ne ya bugi fuskata, waken ya yi luguf kuma ko kamu bai yi ba.

Shinkafa ma tana yi, tafasar minti 5 sai awa ɗaya a kwando, amma ki rage ruwa don ba ya ƙonewa kamar a kan wuta. Ranar da na sa wake rabin tukunya kuma na yi ta leƙawa, da tsaurinsa na same shi, tukunya cike ta fi riƙe zafi. In kuma abincin ya daɗe har ya huce, musamman mai nama, ina sake tafasa shi sosai kafin yara su ci.