Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Tabon da Aka Ce na Kaba Ne

Makon jiya mun tsaya a inda likitar ta fita amsa waya, ta bar fayil ɗina a buɗe a kan tebur. Shekaruna 19, ban taɓa ganin al'ada ba.

Akwai tabo biyu a ƙasan marata, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Tun tasowata Umma ke cewa aikin kaba aka yi min. Takardar ba haka ta ce ba. Ƙwayoyin halittata XY ne, irin na maza, amma jikina ba ya jin sinadarin namiji, shi ya sa na fito mace, kuma ba ni da mahaifa. Abin da aka cire ina 'yar shekara biyu 'ya'yan maraina ne da ke ɓoye a ciki. Ba ciwo suke min ba. Su ne ma za su ba ni sinadarin da ƙashina ke buƙata, ga shi yanzu sai na haɗiyi ƙwaya kullum.

Da daddare na sami Umma tana ninke kaya.

"Umma, mata-maza ce ni?"

Rigar da ke hannunta ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. "Likita ne ya ce kada mu taɓa gaya miki," in ji ta. "Ya ce rufin asirinki ne."

Ban ga laifinta ba har yau. Tsoro aka ba ta, ba bayani ba.

Na daɗe ina zaton ni kaɗai ce, sai da na shiga intanet. Ashe tun ranar 26 ga Oktoba 1996 irina suka yi zanga-zanga a Boston, a ƙofar taron likitocin yara na Amurka. A 2015 Malta ta zama ƙasa ta farko da ta hana yi wa irin waɗannan yara tiyatar jinsi da za ta iya jira har su girma su faɗi ra'ayinsu. Aikin ceton rai daban ne, wannan ba wanda ya yi musu a kansa. A Afrilun 2024 kuma kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙudurinsa na farko a kanmu: ƙasashe 24 suka goyi baya, 23 suka ƙaurace, ba wadda ta ƙi.

Ni dai gwagwarmayata ba daga can ta fara ba. Kwafin fayil ɗina na koma nema, magatakardan ya dube ni ya ce sai na zo da mahaifina. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa.