Abin da duhun Tromso ya koya min a shekarata ta farko

Kafin in tafi Norway kowa maganar sanyi yake min. Hajiyarmu har sa wa ta yi aka saƙa min hula da safa, yayana kuma ya ja ni Ƙofar Wambai muka zaɓo manyan rigunan sanyi na gwanjo guda biyu. Ba wanda ya yi min zancen duhu, ni ma ban sa shi a lissafi ba duk da na karanta cewa garin Tromso yana wajen kilomita 350 a arewa da da'irar Aktik, wato layin da in ka wuce shi zuwa arewa ake samun kwanakin da rana ba ta fitowa sam. Gani ya kori ji.

A watan Agusta na sauka, na je yin digiri na biyu a fannin kula da harkar kamun kifi. Lokacin gari tar yake, ƙarfe goma na dare sai ka ɗauka yanzu aka idar da magariba. Daga nan rana ta fara ja da baya, ba kuma a hankali ba, kullum sai an zaftare wajen minti goma, kana ji kana gani. A lissafin masana daga 27 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu rana ba ta leƙowa sam, amma da yake duwatsu sun tare kudancin garin, mutanen cikin gari tun wajen 21 ga Nuwamba suke sallama da ita sai 21 ga Janairu. Wata biyu cur. Dalilin kuwa duniya a karkace take juyawa, kusan digiri 23 da rabi, to a wannan lokacin can saman arewa ya juya wa rana baya. Su suna kiran lokacin morketid, wato lokacin duhu.

Sanyin kam bai kai yadda aka tsorata ni ba. Ruwan ɗumi da ke gangarowa ta tekun Atilantika yana sassauta wa garuruwan gaɓa, a Janairu yawanci wajen digiri 4 ne ƙasa da sifili, ba kamar Karasjok da ke can cikin ƙasa ba inda aka taɓa auna 51.4 ƙasa da sifili a 1886. Cikin sati biyu na gane kan kayan: ulu a jikin fata, wata a kai, sannan mai tare iska a waje, ban da auduga don in ta sha gumi ita za ta daskarar da kai. Sai ƙusoshin da ake ɗaura wa takalmi saboda santsin ƙanƙara, da ɗan abin nan mai ƙyalli da kowa ke ratayawa a hannu don direbobi su hango shi. Wannan duk kuɗi ne da tambaya, an gama.

Abin da ya kayar da ni lokaci ne. Ban taɓa sanin cewa duk tsarin da nake taƙama da shi a karatu aro ne ba sai da na zo nan. A gida ban taɓa buƙatar agogo sosai ba, ladan zai tashe ka, ƙamshin ƙosan maƙwabta zai gaya maka bakwai ta yi, inuwar katanga in ta kai bakin rijiya ka san la'asar ta kusa, gari ne gaba ɗaya yake tura ka kana tafiya kai kuma kana ganin ƙoƙarinka ne. A Tromso aka ɗauke min duk wannan lokaci guda. Wata rana a Disamba na dawo daga lakca na ɗan kishingiɗa, na farka na ga agogon hannuna ya nuna shida, na yi alwala na yi asuba na shirya na fita tashar bas, sai da na ga mutane da ledojin cefane suna komawa gida sannan na gane shidan yamma ce. Wallahi tsoro ne ya kama ni a wajen, na tsaya cikin dusar ƙanƙara ina tunanin ko kaina ne ya fara taɓuwa.

Karatu kuwa ya lalace. Shafi ɗaya sai in karanta sau uku ban riƙe komai ba, dare in kasa barci, rana in kasa tashi, ga cin burodi da shayi mai siga ba ƙaƙƙautawa. Na miƙa aiki a makare, jarrabawar ƙarshen zango da ƙyar na tsallake. In an kira daga gida sai in ce lafiya lau, don ya za a yi wanda ya samu sukolashif zuwa Turai ya ce duhu ne ke damunsa, alhali mutane suna fama da abin da za su ci.

Malamar da ke duba aikina ce ta fara ganowa. Na shiga ofishinta ina ta shirya uzuri, ita kuwa ko takardar ba ta buɗe ba, ta ce ƙarfe nawa kake kwanciya, kana fita waje da tsakar rana, kana shan man hantar kifi? Duka uku ba ni da amsar kirki. Ta yi min bayani cewa jiki yana da nasa agogon kuma hasken da ke shiga ido da safe ne yake saita shi, in babu hasken sinadarin barci da ake kira melatonin sai ya rikice. Ta ce ko a tsakiyar duhun ai akwai ɗan haske daga wajen sha ɗaya zuwa ɗaya, wani shuɗi-shuɗi kamar bayan asuba, kar in yarda ya wuce ni ina cikin laburare. Da na je aka auna jinina bitamin D ya yi ƙasa sosai, ashe mu masu baƙar fata mun fi buƙatar rana kafin jiki ya haɗa shi, nan kuma watanni ake yi babu. Darasin da na ɗauka a ofishin nan shi ne in aiki ya taɓarɓare ba kullum ne lalaci ba, kuma ɓoyewar da na yi ta ci min wata guda a banza.

Amma abin da ya miƙar da ni sosai a masallaci na same shi. Tun Nuwamba nake cikin ruɗani kan salla, manhajar wayata ta haɗe min azahar da la'asar da magariba kusan wuri guda, ga shi ba fitowar rana balle faɗuwarta. Bayan Juma'a a masallacin Alnor na tambayi wani dattijo ɗan Somaliya, na ce Baba ya kuke yi? Ya ce ɗana ba ka karanta hadisin Dujal ba, ranar da za ta yi tsawon shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya ta isa, Annabi (SAW) ya ce a'a, ku ƙaddara mata lokacinta. Na san hadisin tun ina islamiyya, amma a matsayin labarin ƙarshen duniya na riƙe shi, ban taɓa zaton zan yi aiki da shi da raina ba. A kansa malamai suka ba da fatawa cewa mutanen irin wannan wuri su bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana, ko su bi na Makka, jama'ar Tromso kuma Makka suke bi a irin wannan lokacin. Ya miƙo min jadawalin a takarda, na manna a ƙofar firji.

A kan takardar nan na sake gina yinina. Asuba in tashi ko jiki ya so ko bai so ba, in kunna fitilar nan mai kwaikwayon hasken rana in zauna gabanta rabin awa da shayi, karatu mai nauyi daga nan har sha ɗaya. Sai in fita in zaga tafkin Prestvannet a cikin shuɗin hasken nan kafin azahar. Magariba in rufe littafi, ko saura layi biyu ne. Ba a kwana ɗaya ba, amma zuwa tsakiyar Janairu na dawo ina karanta shafi sau ɗaya.

Hasken arewa kuwa, wanda kowa ke tambayata a kai, su suna ce masa nordlys. Karon farko mun je tsibirin Kvaloya da 'yan ajinmu, awa uku a tsaye yatsu sun mutu, gajimare ya rufe ko'ina muka dawo haka nan. Ranar da na gan shi ban ma fita nemansa ba, daga laburare na fito na ga wani abu kamar hayaƙi fari-fari ya ratsa sama, sai ya fara motsi, ya koma kore, yana kaɗawa kamar an shanya zani iska na bugunsa, gefensa na ƙasa da ɗan ja-ja. Ba ƙara ko kaɗan. Subhanallah kawai nake ta maimaitawa. Ƙwayoyi ne masu caji da rana ke fesowa, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, su yi karo da iskar da ke sama da kilomita 100, oksijin ya ba da kore, naitirojin ya ba da shuɗi da shunayya. Wani masanin Norway, Kristian Birkeland, ya yi hunturun 1899 a kan dutsen Haldde kusa da Alta yana aune-aune a kai, manyan masana suka ƙi yarda da bayaninsa, ya rasu a 1917, sai a shekarun 1960 tauraron ɗan adam ya nuna yana da gaskiya. Na sha tuna shi a ranakun da alƙaluman bincikena suka ƙi ba da ma'ana.

Sai dai gaskiya ba na jin daɗin yadda ake ɗaukar abin. In na sa hoton a sitatus sai a ce kai kam kana hutawa, alhali kyamara ma ta fi ido ganin koren, kuma minti ashirin na kallo ba ya maganin wata biyu na duhu. Mai yawon buɗe ido na kwana huɗu da wanda zai tashi gobe ya rubuta jarrabawa ba sama ɗaya suke kallo ba.

Ranar 21 ga Janairu aka fito ana cin wani burodi mai zaƙi da suke yi don murnar dawowar rana, yara 'yan makaranta har da waƙa. Ta leƙo ta tsakanin duwatsu na 'yan mintuna, ba ɗumi ko kaɗan, na tsaya na rufe ido tana dukan fuskata, hawaye ya zubo min. Na so in cire takardar firjin a ranar, sai na bar ta. Wajen 20 ga Mayu rana ta daina faɗuwa gaba ɗaya har ƙarshen Yuli, ƙarfe biyun dare tana haska ɗakina ta gefen labule, ga aikin bincike a gabana, na koma gaban firji ina duba ƙarfe nawa ne magariba.