Furen da ke hutu da hunturu: sana'ar rainon okid a Kumasi

A Kumasi in ka ce kana sayar da shuke-shuke, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne ciyawar da ake shimfiɗawa a farfajiyar gida da 'yan itatuwan kwalliya da ake jerawa a bakin titi cikin baƙar leda. Su ne ke ciyar da ni da yaran da ke koyon aiki a hannuna, kuma ban raina su ba. Ina zaune a Aboabo, lambun kuwa yana can kan hanyar Ejisu inda fili bai kai na cikin gari tsada ba. A ƙarshen lambun akwai wata rumfa da muka lulluɓe da ragar inuwa, tukwanen da ke ƙarƙashinta ba mai taɓa su sai da sanina. Okid ne, wani dangin furannin kwalliya, irin mai tsirowa a ƙasa, wanda masana ke kira Eulophia guineensis.

Okid ɗin da aka saba gani a otal-otal da ofisoshi yawanci 'yan asalin Asiya ne, irin su Phalaenopsis da Dendrobium, masu maƙalewa a jikin itace. Wannan namu ne na gida. A ƙasa yake tsirowa, a gefen kurmi da cikin duwatsu inda ganye ya zuba ya ruɓe. John Lindley, wani masanin tsirrai na Ingila, ne ya raɗa masa suna a 1823 daga shukar da aka kai Ingila daga Saliyo, kuma ana samunsa tun daga nan Afirka ta Yamma har Habasha da Yaman. Amma ka zaga masu sayar da furanni na garin nan, da wuya ka ga tukunya ɗaya. Muna sayen na nesa da tsada, namu kuwa ana sare shi da adda lokacin sharar gona ba a ma san an yi ba.

Yana da kawuna korra masu kama da albasa da ke zaune a saman ƙasa, a nan yake ajiye ruwa da abinci. Ganyensa faɗi ne da shi, mai layi-layi a tsaye. In ruwan farko ya sauka, sai wani dogon kara ya fito daga gindin kan, furanni su riƙa buɗewa daga ƙasa suna hawa sama. Kowane fure yana da leɓe mai faɗi, fari-fari da ruwan hoda, da jijiyoyin shunayya da suka taso daga maƙogwaronsa, sai siraran kunnuwa biyar masu ruwan ƙasa da kore da suka miƙe a bayansa. Da safe kafin rana ta yi ƙarfi nakan tsaya a kansu fiye da yadda aikin ke buƙata.

Abin da ya sa sana'ar nan ba ta gaggawa shi ne irinsa. Kwanso ɗaya yana ɗauke da dubban iri, ƙura ce kawai, iska ma kwashe ta take yi. Irin ba shi da guzurin abinci a cikinsa irin na masara ko wake, don haka ba ya tsirowa sai ya gamu da wani naman gwari mai siririn zare da ke cikin ƙasa, shi ne zai ciyar da shi har ya yi ganye. Wani Bafaranshe, Noël Bernard, shi ya gano haka a 1899. Daga baya a 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa za a iya tsirar da irin a cikin kwalba a kan abinci mai sukari, ba tare da naman gwarin ba. Sai dai wannan aikin ɗakin gwaji ne mai tsabtar da ƙaramin lambu irin nawa bai da halinta. Hanya ɗaya ta rage mini, rabon gindi. Kai ɗaya yakan haifi sabo guda a shekara, in an yi sa'a biyu. Lissafin jarina ke nan gaba ɗaya.

Muna rabawa ne a ƙarshen hunturu, da zarar ɗan tsiro ya leƙo. Nakan ƙona bakin wuƙa a wuta, in yanka ta yadda kowane kashi zai tashi da kawuna uku aƙalla, in barbaɗa garin gawayi a wurin yankan, a bar shi a inuwa ya sha iska kafin a dasa. Wanda ya yi haɗama ya raba su ɗai-ɗai zai samu tukwane da yawa, amma shekaru zai yi bai ga fure ba. Tukwanen yumɓu nake sayowa daga masu ginin tukwane na Pankrono, in ce su ƙara mini huji a gindi. Ƙasar kuwa haɗi ce: ruɓaɓɓen ganye daga ƙarƙashin itatuwan koko, yashin rafi mai tsakuwa, gutsattsarin gawayi, da ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka yi ta sauya masa ruwa har gishirinsa ya fita. Ba a binne kan. A saman ƙasa ake zaunar da shi, saiwa ce kawai ke shiga ciki.

Ruwa shi ne inda ake cin riba ko a yi asara. Kumasi gari ne mai damina biyu, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. A watan Yuni in sama ta buɗe ba ƙaƙƙautawa, sai mun ja leda a saman rumfar, don in ruwa ya kwanta a tukunya saiwa ruɓewa take yi. Katantanwa ma a lokacin take fitowa da dare, kuma ba abin da take so kamar sabon karan fure. Da tocila muke bi muna tsince ta. Farin ƙwaron nan mai gari-gari da ke ɓuya a hammatar ganye, ruwan darbejiya da ɗan sabulun salo ya ishe shi.

Daga Disamba kuma, iskar hunturu na kaɗawa, ganye zai yi rawaya ya zube, a bar kawuna tsirara a tukunya. A nan ne ake ɗauke masa ruwa kusan kwata-kwata har Fabrairu ya wuce. A nan ne kuma wayata ke yawan ƙara. Wata Hajiya daga Asawase ta kira ni ranta a ɓace, ta ce, "Malam, furen nan da ka sayar mini ya mutu fa, kullum ina ba shi ruwa amma ko ganye ɗaya babu." Na ce, "Hajiya, don Allah ki ajiye butar tukuna. Ki matsa kan da yatsa, da tauri ko ya yi laushi?" Ta ce da taurinsa. Na ce to da ransa, ta ɗauke shi ta kai inuwa inda iska ke ratsawa, kada ta ƙara ɗiga masa ko cokali ɗaya sai ta ga tsiro da idonta. Tausayin da ake ji masa a wannan lokacin shi ke kashe mafi yawansu, shi ya sa ba na miƙa wa kowa tukunya sai na zaunar da shi na yi masa wannan bayani, ko da yana sauri.

Wani lokaci mutane kan zo mini da buhu cike da kawunan da suka tono a daji, su ce in saya da araha. Ba na saye. Na san kuɗin zai yi musu amfani, na kuma san da su rumfata za ta cika a wata guda. To amma in na saya yau, gobe da buhu biyu za a dawo. A Zambiya ana yin wani abinci da ake kira cikanda da saiwar okid na ƙasa da gyaɗa, kasuwarsa ta bunƙasa har aka koma tonowa daga kudancin Tanzaniya, wasu wuraren aka kusa share su. Mu nan galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da faɗaɗa gonaki sun riga sun ci daji mai yawa, ba sai na ƙara nawa hannun ba. Masu son tafiya da shi ƙasar waje kuma nakan gaya musu tun farko cewa duk dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, da ta fara aiki a 1975, ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izini.

Saboda haka abin da nake fitarwa a shekara kaɗan ne, kuma ba na sayar da uwar gindi ko nawa aka taya. Mai so yakan ba da sunansa in rubuta a littafi, in an yi rabo a ƙarshen hunturu, sabon dashen ya kama ƙasa ya fitar da saiwa, sai in kira shi ya zo ya ɗauka. Wanda rabon bana bai kai kansa ba, sunansa ne farko a na baɗi in Allah ya kai mu.