Ƙaguwa ɗaya ta cinye mana kuɗin abincin kwanaki a Singafo

Duk wanda aiki ya kai shi Singafo, sai an ce masa kada ya dawo bai ci abinci a Lau Pa Sat ba. Mu ma haka aka ce mana, ni da wani Alhaji da muke aiki tare, dattijo mai kawaici wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Kuɗin abincin tafiyar a hannuna ofis ya damƙa shi, kuma ni zan kawo lissafi idan mun dawo.

Wurin ya cancanci yabon da ake masa. Tsohuwar kasuwa ce da aka gina a 1894, da ginshiƙan ƙarfe na zubi da aka kawo daga Glasgow, mai kusurwa takwas da hasumiyar agogo a tsakiya, ga dogayen benayen bankuna sun kewaye ta. A ciki rumfunan abinci ne jere, tebura kuwa na kowa da kowa ne. Ka sayi shinkafa a wannan rumfa, ka sayi shayi a waccan, ka zauna inda ka samu. Da yamma kuma sai a rufe titin Boon Tat da ke gefe, a jera tebura a kan kwalta, masu gashin satay su hura gawayi. Ƙananan tsire ne, na kaza da na rago da na sa, ana tsoma su a miyar gyaɗa mai zaƙi-zaƙi, da yankan albasa da kokwamba da curin shinkafa. Hayaƙin kaɗai ya isa ya sa mutum ya manta gajiyar yini.

Abin da ya kwantar mini da hankali a rumfunan nan shi ne farashi yana rubuce ɓaro-ɓaro a saman allo, ka biya kafin ka ci, kuma abin da ka gani shi za ka biya. Cikin kwanaki kaɗan na saba da wannan, har na ɗauka haka garin yake ko'ina.

Akwai ƙananan abubuwa da baƙo zai koya da sauri. Idan ka ga ƙunshin takardar goge hannu a kan teburin da babu kowa, ba mantawa aka yi ba, wani ne ya kama wuri ya tafi layi. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Malay mai lulluɓi ce ta tare Alhaji cikin murmushi lokacin da ya kai hannu zai ture shi. Sannan idan ka gama, kai za ka ɗauke farantinka ka kai inda ake ajiyewa. Tun watan Satumba na 2021 abin ya zama doka mai hukunci: karon farko gargaɗi a rubuce, na biyu tarar dalar Singafo 300. Wurin ajiye faranti ma kashi biyu ne, na halal daban, na sauran daban. Batun halal kuwa, takardar shaidar MUIS za ka duba, wato majalisar kula da harkokin Musulunci ta ƙasar, ko ka tabbatar rumfar ta Musulmi ce. Allon da aka rubuta babu alade babu kitsensa bai ce maka komai a kan yanka ba.

To, daren da abin ya faru, zafi da hayaniya sun ishi Alhaji, ƙafarsa kuma tana damunsa. Ya ce, "Malam, yau dai a samo mana inda za a zauna a kawo mana." Muka taka zuwa bakin kogi, tafiyar mintoci kaɗan, inda gidajen abinci suke jere da fitilu, kowanne da mai kiran baƙi a bakin ƙofa riƙe da littafin abinci. Muka zaɓi wanda ya liƙa takardar halal. Tun kafin mu zo ake ba mu labarin ƙaguwa mai miyar barkono, wadda ƙasar take alfahari da ita, kuma ga hotonta a shafin farko, ja wur, da lamba 10 a gefe. Alhaji ya gyara tabarau ya ce, "Goma kawai? Ai sai mu ɗanɗana, kada a ce mun zo ba mu ci ba."

A ƙarƙashin goman nan akwai ɗan ƙaramin rubutu da ke cewa kuɗin giram 100 ne. Da ƙyar ido yake kama shi a hasken fitilar wurin, kuma wanda ya karɓi odarmu bai ce uffan a kai ba.

Can sai ga shi ya dawo da ƙaguwar da ranta a cikin roba, an ɗaure mata hannuwa da igiya, tana motsa ƙafafu. Ya ɗaga ta ya nuna mana. Muka yi mamakin girmanta, muka gyaɗa kai. Ashe gyaɗa kan nan shi ne cinikin. Ba a auna ta a gabanmu ba, ba a faɗi nauyinta ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Tambaya ɗaya ce tak da za ta raba gardama: nawa ne nauyinta, kuma nawa za ta kama gaba ɗaya?

Ba zan zalunce ta ba, ta yi daɗi. Miyar tana da kauri, ga tumatir ga barkono ga ƙwai da aka kaɗa a ciki, muka riƙa dangwala da ƙananan burodi soyayye har sai da faranti ya yi fes. Amma yawancin nauyin ƙaguwa ɓawo ne, naman da muka samu bai ƙosar da mu biyu ba, sai da muka ƙara da shinkafa.

Da takardar ta zo, nauyin kilo 1.4 aka rubuta, wato dala 140 kenan. Ga kuɗin burodi, ga na shinkafa da lemo, ga ɗan kwanon gyaɗa da muka tarar a tebur muka ɗauka kyauta ce, har jiƙaƙƙen tsumman goge hannu an yi masa layinsa. A ƙasa kuma aka zo da abin da alamar tarawa biyu (++) da ke jikin farashi take nufi: kashi 10 cikin ɗari na hidima, sannan harajin kaya na kashi 9 cikin ɗari, wanda ake ɗorawa a kan jimillar har da kuɗin hidimar. Tun farkon 2024 harajin ya koma kashi 9. Ma'ana duk dala 100 da ka gani a littafi, dala 119.90 za ka biya. Ƙaguwar kaɗai ta tashi dala 167.86, takardar gaba ɗaya ta haura 200. Da wannan kuɗin mu biyu za mu yi kwanaki muna cin sau uku a rumfuna.

Na nemi ganin manaja. Ya zo cikin ladabi, ya buɗe littafin, ya ɗora yatsa a kan ɗan rubutun nan. Ba ni da bakin magana, domin a rubuce yake. Wannan shi ne abin da yake ci mini rai har yau. Ba su yi ƙarya ba, amma sun ga baƙi biyu, ɗaya dattijo, suna murnar abu na dala goma, suka zaɓo mana babba suka yi shiru. Da a ce ya buɗe baki ya ce wannan za ta kai ɗari da arba'in, da mun ce a kawo ƙarama, ko mu ci kifi, kowa ya rabu da kowa lafiya. Alhaji ya dafa hannuna ya ce, "Malam, biya su mu tafi, rabonsu ne." Haƙurin nan nasa ya fi takardar yi mini nauyi, don na san saboda ƙafarsa muka shiga, kuma yana ganin kamar shi ya jawo.

Bayan haka ban daina shiga gidajen abinci ba, don suna da ranarsu. Rumfuna akwai zafi, da tsakar rana kuma ma'aikatan ofisoshi suna cika su har mutum ya rasa wurin zama, wasu masu rumfar ma ba sa karɓar katin banki na waje, sai tsabar kuɗi. Wanda yake tare da dattijo ko yara yana bukatar inda zai zauna cikin sanyi. Sai dai na koma ina duba abu uku kafin in zauna: ko akwai alamar tarawa a jikin farashi, ko an rubuta giram a ƙasan lamba, ko kuma an bar wurin farashin da cewa ya danganta da kasuwar ranar. Na ƙarshen nan ya fi duka haɗari. Duk abin da aka ajiye a tebur ban nema ba, ina tambaya, idan na kuɗi ne in ce a ɗauke, kuma ba wanda ya taɓa ɓata rai.

Sauran kwanakin mun fi cinsu a Tekka da ke unguwar Indiyawa, inda rumfunan Musulmi suke da yawa kuma biryani, wato dafa-dukar shinkafa da nama, ke zuwa tuli guda, da kuma unguwar Kampong Glam kusa da Masallacin Sultan. A can muka ci murtabak a Zam Zam, gidan da yake nan tun 1908, kwaɓin fulawa mai cike da nama da ƙwai da albasa, wanda Alhaji ya ce ya fi masa ƙaguwar sau goma. Ba mamaki UNESCO ta sa al'adar cin abinci a rumfunan ƙasar cikin kayan gadon duniya a 2020, domin a can ne za ka ga mai kwat da mai shara a tebur ɗaya.

Ana gobe za mu taso, Alhaji ya yi sha'awar gasasshen kifi, shi ma na awo ne. Na tashi na bi ma'aikacin har gaban sikeli, na ga lambar da idona, na ce ya rubuta mini jimilla har da hidima da haraji a takarda kafin a ɗora a wuta. Ya rubuta ba musu, kuma abin da ya rubuta shi muka biya. Kuɗin ƙaguwar kuwa bai shiga lissafin ofis ba, don ya wuce abin da aka ware mana na yini. Daga aljihuna na cike, kuma har yau ban gaya wa Alhaji ba.