Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yaran Bes a Garejin Baba

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a rabon gado, inda garejin Baba na Magazin, unguwar makanikai da ke Suame a Kumasi, ya faɗo hannuna. Shekarun da suka biyo baya aiki ne da aure da suna, mu wuce su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar Yaya Babba a gaban Kawu, wai na mayar da garejin Baba matattarar ɓarayi, don ina ɗauko yaran bes, wato majalisar samarin unguwa, ina koya musu aiki. Yaya Babba ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, amma 'ya'yansa suna karanta wannan, gara su san yadda aikin yake.

Baba kan ce, "Hannun da ya wuni da sifana ba ya neman adda da dare." Gaskiya ne, sai dai kafin hannun ya kama sifanar akwai aiki.

Farkon abin bincike shi ne bashi. Yaron da ya gama JHS, wato ƙaramar sakandare, ya koma kwana a bes a Aboabo ko Sawaba, akwai wanda ke ɗawainiya da shi. Ogan bes ya saya masa waya, ya tsaya masa ranar da aka kama shi, ya biya wa uwarsa magani. Ranar faɗa ake karɓar wannan bashin. In ka janye yaro a ɓoye, an ɗauke shi maci amana, kuma kai ka jawo masa duka. Sai a je wurin ogan da rana tsaka, tare da limamin unguwa ko wani dattijo daga fadar Sarkin Zango, a gaishe shi, a ce ana roƙon yaron nan. Waya a mayar, kuɗi a biya ko a nemi yafiya a gaban shaidu. Kada a zagi bes. Can suke shan ataya, can ake haɗa musu gudummawar biki da ta rasuwa, kuma yaro ba zai bar su don wa'azi ba.

Sai lokaci. A makonnin farko kai za ka bi ta ƙofar gidansu bayan asuba ka ɗauko shi, don wanda ya saba kwanciya ƙarfe uku ba zai tashi da kansa ba. Kuɗin abinci kullum ake bayarwa, koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, kuɗin mota da yamma. Wanda ya haɗa na mako ya damƙa masa ranar Litinin, kafin Talata sun tafi a caca ta waya. Lahadi ita ce mugunyar rana, Magazin a rufe, don haka dole a nemo ƙwallo ko aike ko wanke motar wani Alhaji.

Al'adar Magazin ita ce sabon yaro ya daɗe yana shara da sayo wa manya abinci. Wannan yaron ba zai jure ba, don a bes ana kiransa da kirari. A ba shi aikin da zai ga ƙarshensa a ranar: kwance taya, wanke kayan inji, canza mai, daga baya birki. In mai mota ya zo a ce, "Shi ya yi." Ba a marinsa a gaban yara, ba a ɗaga masa bel. Ba a aikensa da kuɗin kayan gyara sai ya yi kamar wata uku. Kuma masta ɗaya kada ya wuce irinsu biyu, su ma kada su fito bes guda, in ba haka ba bes ɗin ne ya tare a garejinka. Yaya Babba bai taɓa tambayar ko su nawa ne ba, ya dai ji a bakin mata.

Tiramol kuwa, maganin ciwon da yaran ke sha don maye, sai an yi haƙuri. Wanda hukumar magunguna ta amince da shi miligiram 50 ne da 100, amma a 2018 na 120 da 225 da 250 ne suka cika unguwa, yanzu ga wanda suke kira red. In yaro ya daina, cikin kwana ɗaya zuwa uku za ka ga hamma, zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, ga rashin barci da saurin fushi. Nan iyaye kan ce aljanu ne, su ɗaure shi. Asibitin Komfo Anokye yana da sashen masu wannan matsala, can za a kai shi a rage masa a hankali. A kwanakin nan ba ya shiga ƙarƙashin mota, ba ya taɓa injin yankan ƙarfe.

In an kama shi, a tafi da takardar haihuwa. Dokar yara masu laifi ta 2003, Act 653, ta ce wanda bai kai 18 ba a sanar da iyayensa, kada a haɗa shi da manya a sel, kuma a ƙaramin laifi ɗan sanda yana iya yi masa gargaɗi ya sake shi. Cikin awa 48 ko a ba da beli ko a kai kotu. A nemi jami'in jin daɗin jama'a tun ranar farko.

Shekarar zaɓe ce ke rushe komai. Kuɗin da mai babbar mota zai ba yaro a dare ɗaya ya fi na abincin wata a gareji. Bayan rikicin da ya faru a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019 aka yi dokar Act 999, wadda ta sa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga ɗan bangar siyasa da mai gadin fili da makami. Ina karanta musu ita a bakin gareji, in tambaye su ɗan wane ɗan takara suka taɓa gani a cikin motar da ke kwasarsu. Da Baba ya ga zamanin nan, da ya ƙara a maganarsa cewa hannun sai da ɗan kuɗi a aljihu. Waɗanda suka ɗora wa Yaya Babba karatu a kaina, da yawansu su ne ke zuwa neman yaran nan duk shekara huɗu, kuma sun san kansu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai maganar filin Inna.