Ƙanena, ka auna ɗakin kafin ka sayi gado

Duk matashin da ya samu aiki a Abuja, in dai ba ɗan masu hannu da shuni ba ne, ya san inda zai kwana: Mararaba, Nyanya, Masaka, Kubwa, Lugbe ko Suleja. Abin da albashin farko ke iya kamawa kuma bai wuce ɗaki ɗaya mai banɗaki da ɗan kicin a ciki ba, wanda dillalai ke ce wa self-kon. Na daɗe a irin wannan ɗaki a Mararaba, kuma yawancin wahalar da na sha a cikinsa da kuɗina na sayo ta. Shi ya sa nake so mu zanta, kai da ke shirin karɓar makulli.

Ɗakina ƙafa 12 ne tsawo, 12 faɗi. In ka buga lissafi, murabba'in ƙafa 144 ke nan. Katifa mai 6 da 6 ita kaɗai tana cin 36, wato kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin, tun ba a sa katakon gado a lissafi ba. Ni ban yi wannan lissafin ba. Ina karɓar makulli na wuce kasuwar kayan ɗaki ta Kugbo, na sayo ƙaton gado, da sif mai ƙofa uku, da doguwar kujera, da teburin gilashi, rabin kuɗin ma bashi na ci. Da aka jera su, ƙofar ɗakin ta daina buɗewa duka, sai na karkata nake shiga. In zan ciri riga a sif sai na ture tebur. Abin da ya fi yi mini ciwo, wani dare na yi alwala zan yi nafila, na tsaya da darduma a hannu na rasa inda zan shimfiɗa ta, sai da na ɗaga teburin na kifa shi a kan gado.

Na san dalilin da ya sa na yi haka, kuma na san yana zuciyarka kai ma. So nake in mutanen gida suka zo su koma su ce wane ya samu wuri. To, waɗanda na yi dominsu ba kullum suke zuwa ba, in sun zo kuma a ƙasa suke zama, don mu ba mu iya cin tuwo a kan kujera ba. Ni da ke kwana a ɗakin kullum ni nake shan matsin. Da na gaji na nemi masu sayen kayan hannu, ko rabin kuɗina ba su ba ni ba.

Don haka ka shiga ɗakin da katifa, da tabarma, da bokiti, da buta, da fanka, da ƙaramar tukunyar gas, ka zauna haka har wata ya zagayo. A nan za ka ga inda rana ke faɗowa, inda kake son zama in ka dawo aiki, da abin da ka rasa da gaske. In za ka sayi wani abu, ari tef ɗin awo wurin tela, ka zana girmansa a ƙasa da alli, ka zaga shi ka ga ko akwai hanya. Katifa mai faɗin ƙafa 4 da rabi, tsawo 6, tana cin murabba'in ƙafa 27 ne, ta ishi mutum ɗaya har da juyi. In da hali, sa mai walda ya yi maka gadon ƙarfe mai tsayin ƙafa, yadda akwati da jakar bakko za su shige ƙarƙashi. Sauran kaya kuma ka kai su sama: kanta a bango, maratayi a bayan ƙofa. Sai dai ka nemi izinin mai gida kafin ka buga ƙusa, don kada a cire maka a kuɗin da ka ajiye na gyaran ɓarna ranar tashi. Ranar tashin kuwa tana nan tafe, domin haya ba gidan gado ba ce, kuma duk abin da ka tara kai za ka biya kuɗin a-kori-kurar da za ta kwashe shi.

Wannan duk bayan ka kama ɗaki ne. Kafin ka kama, kada ka yarda dillali ya nuna maka shi da safe kawai. Ka koma da ƙarfe 3 na rana ka dafa bangon yamma da tafin hannu. In ya yi zafi, to a watan Maris da Afrilu zai riƙe wannan zafin har tsakar dare. Ka duba ko tagogi biyu ne a bango daban-daban, don taga ɗaya ba ta fitar da iska, sai dai ta ba ka haske. Ka tsuguna ka dubi gindin bango: in fenti yana ɓarewa, ko an yi sabon fenti a ƙasa kawai an bar sama, akwai danshi. Maganar ruwa da wuta kuma 'yan haya za ka tambaya, kada ka tambayi wanda ke jiran kashi 10 cikin 100 na kuɗinka. Akwai rijiyar burtsatse a gidan, ko sai 'yan garuwa? Mita ɗaya ake rabawa, ko kowane ɗaki da tasa? Mitar haɗaka ta raba maƙwabta da yawa, don kai mai fanka da ƙwai ɗaya za a ce ka biya daidai da mai firiji da hita.

Danshin nan ka ɗauke shi da muhimmanci, musamman in daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ka taso. Daminar Abuja tana farawa tun Afrilu ta kai Oktoba, kuma a Agusta shanya ma ba ta bushewa. Na manna sif ɗina da bango, na rufe na manta. Ranar da na buɗe zan sa babbar riga zuwa ɗaurin aure, na tarar fumfuna ta yi mata kore a kafaɗa, takalman fata sun yi fari fat, fayil ɗin takardun makarantata ya jiƙe ta gefe har tawada ta fara narkewa. Ka bar tazarar tafin hannu tsakanin kaya da bango. Takardu a cikin leda mai zif, a sama. In rana ta fito ka buɗe ƙofa da taga, ka jingine katifa ta sha iska.

Yanzu ga wadda ta fi duk sauran, don ita rai take ɗauka. Wani dare ana ruwa, ina tsoron a jiƙa ko a sace ɗan janaretana, sai na shigo da shi kicin na kunna, na ja ƙofa na kwanta. Allah ne Ya sa man ya ƙare. Na farka kaina kamar zai rabe, ina amai, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, da rarrafe na kai ƙofa. Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke shaƙa, mai barci kuma ba ya jin komai har ya wuce. An sha samun iyali guda a mace da safe ta wannan hanya. Gawayin da ake shigarwa ɗaki a kasko lokacin hunturu shi ma wannan gubar yake fitarwa. Janareta a waje, nesa da taga, ko ana ruwan ƙanƙara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ma, fanka mai caji da ɗan faifan sola sun fi shi sauƙi ga mai ɗaki ɗaya. Haka fiya-fiya: kada ka zuba ka rufe ƙofa ka kwanta, gidan sauro ya fi maka. Tukunyar gas kuma ka riƙa shafa ruwan sabulu a bakinta, in ya yi kumfa tana yoyo. In ka shigo ka ji warin gas, kada ka taɓa makunnin wuta, ka buɗe ƙofa da taga tukuna.

Girki a ƙaramin ɗaki ba ya son dogon bayani. Kada kwano ya kwana ba a wanke ba, shara ta fita kullum, shinkafa da gari a bokiti mai murfi. Kyankyaso da ɓera abin da ka bari suke zuwa ci.

Abin da ya fi ba ni wuya kuwa mutane ne. Mu an raine mu a kan baƙonka annabinka, kuma ban ce ka rufe wa kowa ƙofa ba, don kai ma wani ne ya ba ka wurin kwana ranar da ka fara sauka a garin. Wani ɗan garinmu ya zo neman aiki, ya ce kwana biyu zai yi. Watanni suka shuɗe. Ya fara kawo abokansa, ɗakin ya zama majalisa, in na dawo daga cunkoson hanyar Keffi a gajiye sai in tarar ana kallon ƙwallo a kan gadona. Kunya ta hana ni magana. Na riƙa daɗewa wurin mai shayi don kada in koma, ina ta tara abu a ciki, har ranar da na fashe a kan maganar sabulu, na faɗi abin da bai kamata ba. Magana ta kai gida, iyaye suka shiga, zumunci ya yi rauni. Laifina ya fi nasa, don shi bai san abin da ke raina ba.

Da tun daren farko, bayan mun ci abinci, na ce masa: “Ɗan'uwa, ɗakin naka ne, amma ka ga yadda yake. Mu yi wata ɗaya muna nema tare, in Allah bai kawo ba sai mu sake shawara,” da babu abin da zai ɓaci. Ka faɗi taka tun ana dariya. Ka gaya masa lokacin da kake kwanciya, ka ce hira da abokai a yi ta a waje, in yana samun ɗan abin hannu ya riƙa sa nasa a kuɗin ruwa da na wuta. Ka kuma sanar da mai gida cewa kana da baƙo, don wasu takardun haya sun ƙayyade yawan masu kwana a ɗaki, kuma gara ya ji daga bakinka kafin maƙwabta su kai masa.