Asabar ɗin da na gama Shehu Umar

Yau ban koma barci ba bayan sallar asuba. Saura shafuka kaɗan in gama littafin Shehu Umar, sai na ja bargo na rufe ƙafafuna, don hunturun bana a Bauchi ba ya wasa, na kunna fitilar waya na ci gaba. Kafin gari ya gama wayewa na rufe littafin, na zauna shiru, hawaye na zuba.

Na taɓa karanta shi ina sakandare, amma karatun jarrabawa ne, a haddace sunayen garuruwa a juye a takarda: Kagara, Makarfi, Kano, Ber Kufa, Rauta. Wancan makon na tsince shi a akwatin marigayi Baba, bangon ya yage, gara ta ɗan taɓa gefensa. Wannan karon kuwa ɗana mai shekara huɗu yana kwance kusa da ni yana numfashi a hankali, ni kuma ina karanta yadda aka sace yaro ƙarami daga hannun wadda uwarsa ta bar wa amana. Sau biyu ina ajiye littafin in taɓa goshinsa.

Da can abin da na riƙe shi ne Umar: an sace shi, an sayar, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya yi karatu har ya zama babban malami, ya dawo ƙasar Hausa yana karantarwa a Rauta. Yau kuwa uwar ce ta tsaya mini a rai. Mace ce mai 'yanci, da mijinta Makau yana jiran ta, amma ta ƙi zama, ta bi sawun ɗanta. A hanyar neman nan aka yaudare ta, ita ma ta zama baiwa, aka ƙetare hamada da ita zuwa Murzuk, har Tarabulus. Da Allah ya haɗa su, ta riga ta ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu. Duk wannan wahala an ba da ita cikin 'yan shafuka, da murya kwantacciya, kamar mai ba da labarin tafiyar fatauci. Wannan kwanciyar muryar ce ta fi ƙona mini zuciya.

Da hantsi na shirya yaron muka hau Keke Napep zuwa gidan Baffa. Mun bi ta gefen kabarin Tafawa Balewa, wurin da nake wucewa kullum ba na ko ɗaga kai. Yau na kalla. Mutumin da muka sani a jikin takardar naira biyar, Firayim Ministan da aka kashe a Janairun 1966, shi ne ya rubuta labarin nan yana malamin makaranta a garin nan, shekarunsa ashirin da 'yan kai, tunda a 1912 aka haife shi. Ƙanena na uku ya girme shi a lokacin.

Na tarar da Baffa a zaure yana shan rana. Shekara talatin da wani abu ya yi yana koyar da Hausa kafin ya yi ritaya, don haka bayan gaisuwa na zaro littafin daga jaka. Fuskarsa ta washe. Nan take ya hau ba ni tarihi: gasar rubutu da wani Bature, Rupert East, ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933, da yadda ya bi manyan garuruwa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, da yadda aka buga wannan tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Na bar shi ya gama, don ina jin daɗin yadda yake faɗa.

Sai na ce, "Baffa, ku gafarce ni, amma ni a ganina an rage wa uwar nan haƙƙinta. Ita ce ta fi kowa shan wuya, sunan ɗanta ne kuma a bango."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ke 'yar nan, littafin tawakkali ne. Ana nuna miki yadda bawan Allah yake karɓar ƙaddara, ilimi ya ɗaukaka shi. Shi ya sa ba a cika kuka a ciki ba."

Na ce na yarda, amma tawakkalin Umar ya zo da sauƙi, tunda ya dace da ubangida na kirki. Sauran bayin da aka kora cikin ayarin fa, waɗanda ƙishirwa da rairayi suka cinye? Ita uwar fa, da ba ta dace da kowa ba? Baffa ya ce ai marubucin bai ɓoye su ba, ya nuna harin bayi ƙiri da muzu, ya nuna makircin fadawa da ya sa aka kori Makau, a zamanin da jikokin masu yin abin suna nan da ransu a kan mulki. Wannan magana ta shige ni, ban taɓa duban abin ta nan ba. Yaro ɗan shekara ashirin da ɗaya ya rubuta haka, lallai akwai ƙarfin hali.

Gwaggo tana daga ciki tana tsince shinkafa, ashe tana jin mu. Ba ta yi boko ba, ba ta taɓa karanta littafin ba. Ta ɗaga murya ta ce kakarta ta sha ba su labarin wata mata a ƙauyensu da mahara suka ɗauke wa 'ya, har ta tsufa duk ayarin da ya sauka sai ta je ta dudduba fuskoki. "Ita ba ta samu tata ba," in ji Gwaggo, ta ci gaba da tsintarta. Daga ni har Baffa ba wanda ya ƙara cewa komai, sai da aka kira azahar.

Ba mu daidaita ba. Shi yana nan a kan cewa labarin malami ne, ni ina nan a kan cewa labarin uwa ne da aka ba ɗa ya faɗa. Amma da zan tafi ya ce in bar masa littafin kwana biyu, yana so ya sake duba wurin haɗuwarsu a Tarabulus. Na bar masa, da sharaɗin ranar Litinin da safe zan aiko a karɓa, don ina so in karanta wa 'yan ajina wannan wurin da baki, in ji me 'yan matan za su ce.

Mun dawo gida bayan la'asar. Na dafa taliya, yaron ya ci ya yi barci tun kafin isha'i. Na duba sakatar ƙofa sau biyu kafin in zauna rubuta wannan.